Facin da ke Bayan Rigar Ɗan Judo

 Yau mun ajiye ƙwallo gefe, riga za mu ɗauko mu jujjuya.

Duk wanda ya kalli babbar gasar judo a talabijin ya lura da wani ƙyalle da ake ɗinka wa ɗan wasa a gadon baya, ɗauke da sunansa da haruffa uku na ƙasarsa. Galibi launin shuɗi ne. To amma in ka hango ja, wannan shi ke riƙe da kambun duniya a ajinsa. In kuwa ruwan zinare ne, zakaran Olamfik ke gabanka, irin su Teddy Riner na Faransa, wanda ya ci zinare a 2012 da 2016, ya sake ci a gidansu, Paris, a 2024. Ranar da wani ya karɓe kambun, sai tela ya farke facin a mayar da kai cikin talakawa. Ni dai duk cikin adon da ake yi wa rigunan wasa babu wanda ya burge ni kamar wannan, don kuɗi ba sa sayensa.

Me ya sa hukumar judo ta duniya take tsananta dokar riga haka? Saboda a judo rigarka ita ce madafar abokin karawarka. Kwalarta yake damƙa ya shaƙe ka, hannunta yake ja ya kayar da kai. Kafin ka hau tabarma sai an auna faɗin hannun rigar da kaurin kwalarta da wani ma'auni da Japanawa ke kira sokuteiki. In ta gaza, cire ta za ka yi ka sa ta aro. Tambarin ƙasa yana da wurinsa a ƙirji ta hagu, talla ma an ƙayyade mata girma da inda za ta zauna. Faci mai tauri a inda ake kamu, ai wayo ne da sunan ado: yatsun abokin karawa sai su yi ta zamewa.

Ko launin rigar sai da aka kai ruwa rana a kansa. Tun da Jigoro Kano ya kafa makarantar Kodokan a Tokyo a 1882, fara aka san rigar judo da ita. Anton Geesink, ɗan ƙasar Holan ɗin nan da ya kayar da Akio Kaminaga a gaban Japanawa a Olamfik ta 1964, shi ya kawo shawarar a sa wa ɗaya shuɗiya don alƙali da 'yan kallo su rarrabe wane ne a sama, wane ne a ƙasa. Japanawa suka ce ba su san zancen ba. Sai a 1997 aka amince, aka shiga Olamfik ta Sidni da ita a 2000. Har yau a gasar zakarun Japan ta gida fari da fari ake karawa, a ɗaura wa ɗaya jan ƙyalle a kugu, shi ke nan.

Ku leƙa wajen 'yan jiu-jitsu na Brazil kuwa, ku ga ikon Allah. Wasan daga judo ya tsiro, ta hannun Mitsuyo Maeda da ya isa Brazil a 1914 da kuma gidan Gracie, amma rigarsu kamar motar haya da ta sha kwalliya: tambarin makaranta a baya, na kamfani a kafaɗa, wani a cinyar wando. Ban cika ganin laifinsu ba. Yawancinsu ba albashi gare su ba, kuɗin jirgi da na rajistar gasa daga facin nan suke fitowa. Mu da muka saba ganin ɗan dambe ya shigo fage da layu da guraye, kowanne da aikin da mai shi ya ce yana yi masa, ba za mu yi mamakin mutum ya rataya abin dogaronsa a jiki ba.

Su ma dai 'yan jiu-jitsun hukumarsu ba ta sakar musu mara ba. Launi uku ta yarda da su, fari da shuɗi da baƙi, kuma ta zana wuraren da faci zai iya zama. Wanda ɗinkinsa ya fara sakin baki, a wurin duba riga za a sa ka cire shi, ko da mai tallar yana zaune a layin gaba yana jiran a hasko sunansa.