Rödel da kwaɗin Afirka ta Yamma: ina aikinsa ya tsaya?

Duk ɗalibin da ya tashi tantance kwaɗin da ke kuka a kududdufan Kiru da damina, da wuya bai ci karo da sunan Mark-Oliver Rödel ba, Bajamushen nan na gidan adana kayan halitta da ke Balin. Littafinsa na shekarar 2000 kan kwaɗin dazuzzukan ciyawa na Afirka ta Yamma har yau abin dogaro ne. Ƙarfinsa shi ne bai tsaya kan siffar babban kwaɗo ba. Ya bi inda kowane iri ke zuba ƙwai, da kamannin 'ya'yansa tun suna da jela, da irin ruwan da suke so. Wannan aikin mai kwana a bakin tafki ne, ba na ofis ba.

To amma fa mafi yawan abin da ya gani da idonsa a dajin Comoé na Kodebuwa ya gan shi, dajin da ke ƙarƙashin kariya. Mu kuwa tun da aka gina dam ɗin Tiga a Bebeji cikin shekarun 1970, ruwa ke kwana a gonaki har da rani, ga taki, ga maganin feshi. Kwaɗon da littafin ya ce yana jiran ruwan farko kafin ya hayayyafa, a nan me zai jira? Wanda ya ɗauki bayanin Comoé ya ɗora wa fadamun Tiga kai tsaye ya yi ganganci. Ko Falgore, tsakanin Tudun Wada da Doguwa, shanu sun tattake bakin rafukansa.

Aikinsa da ya fi shafar mu shi ne na 2010, tare da Meike Mohneke da Abiodun Onadeko na Jami'ar Legas, kan cinikin busasshen burduddugi da ake lodi daga arewa da maƙwabta zuwa kasuwannin kudu maso yamma. Sun ƙiyasta miliyoyi a shekara, kuma adadin ya yi ta yawo a rubuce-rubuce. Sai dai daga bakin masu sana'ar aka samo shi, ta hanyar hira. Hira tana nuna yawan abin da aka kwashe, ba ta nuna abin da ya rage a ruwa. Masu kawo wannan adadi a matsayin hujjar cewa burduddugi na ƙarewa sun ɗora wa binciken kayan da bai ɗauka ba. Wannan hujja sai an ƙirga kwaɗin tafki guda, damina bayan damina, kafin a same ta.