'Yan garuwar Nguru da Gashua

Idan famfo ya ƙafe, ko injin rijiyar burtsatse ya tsaya saboda rashin wuta, kiran farko da uwargida ke yi ta bakin zaure shi ne na mai garuwa. A Nguru da Gashua damina gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba. Gidan da ya ɗaura indararo a bakin kwano ya tara ruwan sama a tanki yana samun sa'ida, to amma tanki ba ya kai mutum bazara.

Daga nan sai 'yan garuwa su ɗauki nauyin gari. Tun kafin assalatu suna layi a bakin rijiyar burtsatse. Kura ɗaya kan ɗauki jarka goma ko sha biyu, kowacce lita 25, wato kusan kilo 300 ke nan, kuma a cikin yashin Nguru za a tura ta, inda taya ke nutsewa sai an sa ƙirji. Mai garuwa ya san gidan mai jego, ya san tsohuwar da sai an juye mata a randa, kuma sau da yawa yakan bar kuɗinsa sai ƙarshen wata.

Abin mamaki, Gashua na bakin kogin Yobe, Nguru kuwa na gefen fadamar Hadejia-Nguru. Ruwa na nan, kai shi gida ne aikin. Masu shayi, masu wanki da makarantun allo duk da jarkokin nan suke buɗe rana.