Kunne ya girmi na'ura

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, cikin Birni, da hantsin Salla, ya san cewa aikin makaɗi yana farawa tun kafin bugun farko. Za ka gan shi ya shanya ganga a rana domin fata ta ɗaure, yana ƙwanƙwasa ta, yana karkata kai, har sai muryarta ta zauna inda yake so. Wannan sauraro ne na tuna da na sake jin faifan Mamman Sani mai suna Taaritt.

Mamman Sani ba baƙo ba ne a kunnen ɗan Nijar, ko da bai san sunansa ba: kiɗansa ya daɗe yana cike tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin na ƙasa. A 1978 ya naɗi kaset ɗinsa na farko a Yamai da fiyanon lantarki ƙirar Orla ta Italiya, kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a 2013. Shi kuwa Taaritt, wanda ya fito a 2014, an naɗe shi ne a shekarun 1980, a Nijar da Faransa, da tsofaffin na'urorin haɗa amo.

Irin waɗannan na'urori suna da maɓuɓɓugar amo wadda ƙarfin lantarki ke yi wa linzami. Zafi yana karkatar da ita kamar yadda yake yi wa fatar ganga, shi ya sa ake kunna su a bar su su ɗumama kafin a saita. Minimoog, wadda ta fito a 1970, tana da maɓuɓɓuga uku da kuma amon gwaji mai kaɗawa 440 a daƙiƙa. Idan makaɗi ya haɗa shi da wani amon mai 442, zai ji murya tana kumbura tana sacewa sau biyu a daƙiƙa. Sai ya riƙa murɗa maɓalli a hankali, rawar tana raguwa, har muryoyin biyu su zama ɗaya. Gwani kuwa yakan bar ɗan saɓani da gangan, domin shi ke ba amo kauri.

Wannan kauri shi ne daɗin Taaritt. Dogayen muryoyinsa suna kaɗawa kamar kawalwalniya a kan hanyar Tanut, suna ɗauke da karin waƙoƙin Sahara ba tare da sun shaƙe su ba. Rauninsa, a ganina, yana ga na'urar bugu: ba ta gajiya, amma ba ta magana. Kalangu yana hawa yana sauka da karin harshen Hausa gwargwadon yadda hammata ta matse tsarkiya. Ita kuwa ƙirga kawai ta iya.

Daga 1983, da Yamaha DX7 ta yaɗu, na'urori masu lissafi suka kawar da wahalar saiti. Sauƙi ne, babu musu. Sai dai fiyanon da ke tashe a bukukuwanmu yakan zo a ɗaure kan matakai 12 daidai wa daida na kiɗan Turai, alhali muryar algaita da ta gurmi ba kullum suke faɗawa kan waɗannan matakai ba. Na sha ganin ɗalibaina a bikin makaranta suna tanƙwara waƙar da suka koya wajen kakanninsu domin ta bi fiyano, suna zaton su ne suka kauce.

Saboda haka kirana ga malamai da ƙungiyoyin raya al'adu shi ne: kafin a danƙa wa yaro fiyano, a zaunar da shi gaban mai gurmi ya ga yadda ake ɗaure tsarkiya, a ba shi tsarkiya biyu ya daidaita su da kansa. Yaron da ya iya jin rawar muryoyi biyu har ta kwanta zai san ranar da na'ura ce ta kauce, ba kakarsa ba.