Wasan Drag a Zauren Matasa

Drag wasa ne da ya yi ƙarfi a Amurka da Birtaniya, inda namiji ke yin shigar mata, ya ɗora gashin kanti, ya caɓa kwalliyar da ta wuce wadda mace ke yi ko da ranar aurenta, ya hau dandamali ya yi rawa yana motsa baki a kan waƙar wata fitacciyar mawaƙiya, yana tsokanar 'yan kallo da barkwanci. Akwai mata masu yin shigar maza, amma ba su kai mazan yawa ko suna ba. A da wasan na gidajen rawa ne da mashaya. A shekarun baya-bayan nan ya fito fili, ya shiga talabijin da ɗakunan karatu da makarantu, har ya kai ga zaurukan da ƙungiyoyin matasa ke taruwa bayan an tashi daga makaranta. Daga nan ne gardama ta taso a kan ko ya dace shugaban ƙungiya ya gayyato mai irin wannan wasa don ya nishaɗantar da 'yan shekara 13 zuwa 17.

Namiji ya fito a matsayin mace a wasan kwaikwayo tsohon abu ne, kuma masu kare drag kan fara kafa hujja da shi. A Ingila ta zamanin Shakespeare samari ne ke fitowa a matsayin mata, domin ba a fara barin mata su hau dandamalin wasa ba sai a 1660. A Japan hukuma ta hana mata wasan kabuki a 1629, maza suka karɓe gurbinsu, kuma har yau akwai 'yan wasan da ba su da sana'a sai fitowa a matsayin mata. A Sin, Mei Lanfang, wanda ya rasu a 1961, da irin wannan fitowa ya yi suna har Amurka da Rasha. A Birtaniya kuwa duk lokacin Kirsimeti iyaye kan kwashi 'ya'yansu zuwa kallon wani wasan barkwanci na gargajiya wanda a cikinsa wani ƙato ke fitowa a matsayin tsohuwa mai surutu, ba wanda ya taɓa ɗaukar wannan a bakin komai. Ko ƙungiyar sikawut ba ta tsira ba: a wasannin da Ralph Reader ya fara shirya wa 'yan ƙungiyar a Landan a 1932, yara maza ne ke sa rigunan mata. Fim ɗin Mrs. Doubtfire na 1993, inda Robin Williams ya yi shigar tsohuwa mai reno don ya riƙa ganin 'ya'yansa, iyalai ne suka cika gidajen sinima don kallonsa.

Sai dai duk waɗannan misalai abu guda ya haɗa su, wato labari. Akwai tauraruwa a cikin wasa, ana bukatar wanda zai tsaya a madadinta, sai aka sa wa namiji zane. Shigar tana yi wa labarin hidima ne, in an gama a tuɓe. Drag ba ta wannan hanya ya zo ba. Ya girma ne a mashayar 'yan luwaɗi da gasannin kwalliya na unguwar Harlem a birnin New York, a zamanin da birane da dama na Amurka ke da dokar hana namiji fita da kayan mata (San Francisco ta kafa tata tun 1863), 'yan sanda kuma na kai samame suna kama mutane. Wasa ne na mutanen da aka tsangwama, suka ƙirƙiro wa kansu nishaɗi a bayan ƙofa, manya da manya. Shi ya sa harshensa ya cika da batsa da habaici da zagin wasa, sunayen da 'yan wasan ke laƙaba wa kansu sau da yawa batsa ce aka naɗe a cikin wasa da kalmomi, 'yan kallo kuma kan miƙa takardar dala ko su soke ta a jikin rigar mai rawa. Su kansu masu sana'ar ba sa musun wannan tarihi. Da yawansu alfahari suke da shi.

Abin da ya sauya lamarin shi ne talabijin. A 2009 wani mai shigar drag da ake kira RuPaul ya fara gabatar da gasar RuPaul's Drag Race a wata ƙaramar tasha, gasar ta bunƙasa ta lashe lambobin yabo na Emmy, aka buɗe mata rassa a Birtaniya da Kanada da Sifen da Faransa da wasu ƙasashe. Wani kaso mai kauri na masu kallonta 'yan mata ne matasa. A 2015 marubuciya Michelle Tea ta kafa wani shiri a San Francisco inda mai shigar drag ke karanta wa ƙananan yara littafi a ɗakin karatu, shirin ya bazu. A Birtaniya an yi wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe a Sheffield a 2017, Everybody's Talking About Jamie, a kan wani yaro ɗan shekara 16 da ya so zuwa bikin kammala makaranta da rigar mata. Cikin shekara goma wasan mashaya ya zama abin da ake tallatawa da sunan nishaɗin iyali.

Hujjar masu goyon baya tana da nauyinta, kuma bai kamata a wofantar da ita ba. Suna cewa ɗan wasa ƙwararre ya san gaban wa yake tsaye, kamar yadda mai barkwanci ke da na dare da na rana. Paul O'Grady ya fara shigar drag da sunan Lily Savage a mashayun Landan da baki mai kaifi, daga baya ya gabatar da shirin kacici-kacici na BBC da wannan shigar a lokacin da iyalai ke zaune gaban talabijin. Suna cewa akwai fasaha ta gaske a ciki, ɗinki da kwalliya da rawa da iya riƙe taro, kuma yaro mai kunya ko wanda ake yi wa ba'a a makaranta kan sami ƙarfin zuciya in ya ga mutumin da bai damu da dariyar jama'a ba. Suna ƙarawa da cewa abin da ɗan shekara 15 ke gani a bidiyon waƙoƙi da wayarsa ya fi wannan tsiraici nesa ba kusa ba.

Wannan hujja ta ƙarshe ita aka fi maimaitawa, ita ce kuma mafi rauni. Yaro ya ga abu a ɓoye a wayarsa daban ne da manyan da aka damƙa wa amanarsa su ɗauko abin su ajiye a gabansa. Na biyun yana ɗauke da sa hannun hukuma, ko da hukumar ta zauren unguwa ce. Ƙungiyar matasa ba gidan wasa ba ce inda kowa ke duba talla ya sayi tikiti da kuɗinsa. Uwa kan tura ɗanta can ne don ya buga ƙwallo, ya koyi sana'a ko ya nisanci 'yan ƙwaya, tana kyautata zaton ba za a nuna masa abin da ita ba za ta nuna masa ba. A zaure ɗaya akwai ɗan Musulmi da ɗan Kirista da ɗan wanda ba ya addini, akwai ɗan shekara 13 da har yanzu yaro ne, akwai ɗan 17 da ya kusa zama mutum. A wannan shekaru ba kowane yaro ke iya miƙewa ya fita alhali abokansa na tafi da shewa ba. Zama zai yi, ko ransa na so ko ba ya so, wanda ya shirya taron kuma ya ɗauka shirun nan yarda ce.

Sannan alkawarin cewa za a tsabtace wasan yana da iyaka, domin ɗan wasan ba ya ƙarewa a dandamali. A watan Fabrairu na 2020 an gayyaci wani mai shigar drag zuwa wata makarantar firamare a Paisley ta Sukotlan. Ba a zarge shi da yin wani abin assha a aji ba. Abin da ya tayar da ƙura shi ne iyaye sun nemi sunansa na wasa a intanet suka tarar da hotuna da kalaman da ba na yara ba, har majalisar yankin Renfrewshire ta nemi afuwa. Abin da iyaye suka yi cikin minti biyu, ɗan shekara 14 zai yi shi tun kafin baƙon ya bar zauren. A watan Yuni na 2022 kuma bidiyon wani wasa da aka shirya wa iyalai a wata mashaya a Dallas ya bazu, ana ganin yara na miƙa wa masu rawa kuɗi. Masu shirya taron sun ce tsaftatacce ne. Mai yiwuwa a ma'aunin mashaya haka ne, amma ma'aunin mashaya ba shi ake bukata ba.

Akwai wani suka da ba daga masu addini ya fito ba. Wasu mata masu fafutukar 'yancin mata sun daɗe suna cewa macen da drag ke nunawa ba mace ba ce, zanen ba'a ne: ƙirji da ƙugu na soso, takalmi mai tsini, tsegumi da gori da kishi. Masu wasan kan amsa cewa abin da suke yi wa ba'a shi ne nauyin kwalliyar da al'umma ta ɗora wa mata. Babba na iya bin wannan lissafi ya gane inda aka dosa. Yarinya 'yar shekara 14 da ke fama da madubi, da yaron da ke koyon yadda zai kalli mata, abin da idonsu ya gani za su tafi da shi gida.

Duk da haka, hanyar da wasu jihohin Amurka suka bi ba ta haifar da ɗa mai ido ba. A watan Maris na 2023 gwamnan Tennessee, Bill Lee, ya sa hannu a kan dokar da ta hana irin wannan wasa a wuraren jama'a ko inda yara za su iya gani. A watan Yuni alƙalin tarayya Thomas Parker ya ce dokar ta saɓa wa tsarin mulki saboda lafazinta ya yi faɗi kuma bai fayyace laifin ba. A 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, a kan cewa waɗanda suka shigar da ƙarar ba su da hurumi. Dokokin Florida da Texas su ma sun yi ta kai da komo a kotuna. Matsalar a bayyane take: da wuya a rubuta jumlar da za ta kama rawar batsa ba tare da ta haɗa da ɗalibin da ya fito a matsayin tsohuwa a wasan makaranta ba, alhali dokokin hana nuna wa yara batsa suna nan tun da can. Abin da ya fi muni shi ne masu ɗaukar doka a hannunsu. A watan Maris na 2023 wani mutum ya jefa kwalaben fetur a wani coci a jihar Ohio da ke shirin karɓar irin wannan taro, aka yanke masa ɗaurin shekara 18. Wanda ya ce yara yake karewa kuma ya cinna wuta a ginin da yara ke shiga, ya rushe hujjarsa da hannunsa.

Mai karatu a ƙasar Hausa bai rasa abin da zai gwada da shi ba. A tashen watan azumi 'yan mata kan yi wasan Mairama da Daudu, ɗaya ta sa riga da hula ta tsaya a matsayin miji. A makarantun kwana na maza, in za a yi wasan kwaikwayo, wani ɗalibi ne ke ɗaura zane ya zama uwar gida, malamai na dariya. Jama'a ba su taɓa haɗa waɗannan da daudanci ba, wanda shi hali ne na rayuwa mai harshensa da wurarensa, kuma ba a taɓa ɗaukarsa abin kai wa yara ba. Ke nan bambancin da masu kafa doka a Amurka suka kasa rubutawa, al'ada a nan ta daɗe da saninsa. Ta fuskar addini kuwa maganar a rufe take ga mafi yawan iyaye: hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari ya yi hani mai tsanani ga namiji ya kamanta kansa da mace ko mace da namiji, littafin Maimaitawar Shari'a sura ta 22 ma ya yi irin wannan hani. Ba a sa ran wata ƙungiyar matasa a Kano ko Maraɗi za ta shirya irin wannan taro. Inda batun ke shafar Hausawa kai tsaye shi ne iyalan da ke zaune a Turai da Amurka, waɗanda 'ya'yansu ke zuwa zaurukan unguwa tare da kowa.

Idan aka auna duka, drag a siffarsa ta asali nishaɗin manya ne, kuma bai dace ya shiga jadawalin ƙungiyar da ke tara 'yan ƙasa da shekara 18 daga gidaje mabambanta ba. Wannan hukunci a kan wuri ne da shekaru, irin wanda ake yi wa mai barkwancin batsa ko fim ɗin da hukumar tace fina-finai ta yi wa alamar 18, ba ya kuma nufin a wulaƙanta masu sana'ar ko a hana manya abin da dokar ƙasarsu ta ba su. Fasahar da ake yabawa a cikinsa, ɗinki da rawa da tsayuwa gaban jama'a, ana koyar da ita ta wasan kwaikwayo ba tare da an jawo sauran kayan ba. Ƙungiyar da ta dage sai ta yi, mafi ƙarancin abin da ke kanta shi ne ta sanar da iyaye a rubuce tun da wuri, ta faɗi sunan ɗan wasan yadda za su iya bincikawa, ta ga wasan kafin ranar, ta hana miƙa kuɗi, ta kuma ware shi daga taron mako-mako don kada yaron da bai zo ba ya rasa komai. Shugaban da ya ga ba zai iya rubuta wa iyaye wannan takarda ba, bai kamata ya shirya taron ba.