Dutsin Tunguma da Akwatin Gilashi

Gidan tarihin ƙasa na Yamai, wanda aka buɗe a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Boubou Hama, ya yi fice da wata dabara. Bayan jera kaya cikin akwatunan gilashi, ya gina gidaje irin na al'ummomin ƙasar, ya kuma ba maƙera da masaƙa da dukawa wurin aiki a gaban masu ziyara. Wanda ya ga takalmi, ya ga hannun da ya ɗinka shi. Nan ƙarfinsa yake.

Sai dai dabarar tana da iyaka, kuma ƙasar Arewa ce ke nuna ta. A Lugu, garin da Sarauniya Mangu ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, akwai dutsin Tunguma wanda Azna ke kai wa ƙara don ya bayyana mai laifi. Darajarsa tana cikin hukuncin da yake yankewa da mutanen da suka amince da shi. Idan aka kai shi Yamai aka liƙa masa lamba, dutsi kawai za a gani. Maƙeri yana iya ƙaura da uwar maƙerarsa ya ci gaba da ƙira. Tunguma ba ya aiki sai a ƙasarsa.

Barin komai a inda yake ma yana da haɗari. Gara da asu suna cin fata da saƙi, dillalai kuma suna bin ƙauyuka. Abin da ya sami kayan yumɓun Bura ya isa darasi: bayan baje su a Faransa a 1993, sai aka dinga haƙe makabartun ana sayarwa, har a 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa su cikin jerin kayan da ake wawashewa. Lugu ma idon duniya yana kansa, tun littafin Abdoulaye Mamani na 1980, da fim ɗin Med Hondo na 1986, da shigarsa jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO a 2006.

Saboda haka wajibi ne a rarrabe. Abin da aikinsa ya ƙare, kamar tsofaffin baka da kwari da tufafi, a adana shi a Dogon Dutsi ko Tibiri, da bayani cikin Hausa, inda ɗalibi zai gan shi ba sai ya je babban birni ba. Abin da ke raye kuwa a bar shi hannun masu shi, a rubuta siffarsa da tarihinsa bisa yardarsu, domin ranar da ya ɓace a sami shaidar nemansa. Gidan tarihin da bai nemi izinin Lugu ba, ajiyarsa ba ta da bambanci da kwasar ganima.