Hutun da aka ba Alfa Ndiaye

A littafin Frère d'âme (2018) na David Diop, kaftin ya tura Alfa Ndiaye bayan fagen daga ya huta wata guda, saboda ya shiga yanko hannuwan Jamusawa. Mai karatu kan tsaya ga haukar Alfa. Ni hutun ne ya fi damuna. A Yaƙin Duniya na Farko, gidan likitan soja maƙera ce: a gyara mutum, a maida shi rami. Mazaje sun yi wa Faransa ƙaranci, har ta aiko Blaise Diagne a 1918 ya ɗebi sama da 60,000 daga Afirka ta Yamma. A nan marubucin ya yi gaggawa. Ya bi Alfa cikin zane-zanensa, ya bar mu ba mu ga masu raunin da ake sake ƙidayawa cikin masu lafiya ba.