Waƙoƙin Makaɗa a Makarantun Karkara

Duk wanda ya bi ƙauyukan da ke tsakanin Bichi da Dambatta, inda gona ke manne da gona, gida kusa da gida, ba zai rasa jin yaro yana bin jaki da taki yana rera waƙar fim ba. A wayar hannun yayansa ya ji ta, ya hardace ta ba malami ba bulala. Da safe kuwa, in ya shiga aji, sai a rubuta masa waƙar baka a allo, ya kwafa, ya tashi bai ji sautinta ba. Wannan shi ne babban aibin yadda a ke koyar da waƙa a yawancin makarantun karkara. Waƙar makaɗi in an raba ta da kiɗa da amshi, saura ƙashi, nama ya tafi.

A Ingila da Amurka akwai makarantun da su ke ba yara jita da ganga, su koyi kiɗan zamaninsu cikin aji. Ba lalle a kwaikwayi kayansu ba, amma hujjarsu mai kyau ce, watau a fara wa yaro da abin da kunnensa ya saba da shi. Abin dubawa shi ne wace waƙa ta dace da waɗanne shekaru.

Ƙananan yara ba su da wuya. Waƙoƙin gaɗa da na dandali sun ishe su, tafi ne kiɗansu.

Daga aji huɗu na firamare zuwa sama, da wuya a sami wanda ya fi Ɗan Maraya Jos dacewa, wanda ya rasu cikin 2015. Shi kaɗai ya ke waƙarsa, ba 'yan amshi, maganarsa tana fita sarai, kuma talakawa ya fi yi wa waƙa, kamar karen mota da ma'aurata. Sa'an nan ga kuntigi, tsirkiya ɗaya tak, gwangwanin kifi da 'yar fatar akuya. Yaro mai shekara goma zai iya haɗa nasa a gida, ba sai hedimasta ya rubuta takarda hedkwata neman kuɗi ba.

Alhaji Mamman Shata kuwa, wanda ya rasu cikin 1999, sai a dakata da shi har sakandare. Ba don ya gaza ba. Hausarsa ce mai zurfi, yakan jefa magana ɗaya mai fuska biyu, 'yan amshi su riƙe gindin waƙa, kalangu ya cike abin da baki ya bari. Ɗalibin da ya gane yadda makaɗi ke matse tsirkiyoyin kalangu a hammata, sauti ya hau ya sauka kamar maganar mutum, ya gane karin harshen Hausa fiye da wanda ya karanta shi a littafi. Jami'ar Ahmadu Bello ba a banza ta ba shi digirin girmamawa cikin 1988 ba. Amma fa dole malami ya yi zaɓe. Waƙar da ya yi wa kumbon da ya kai mutum wata cikin 1969 ta shiga kowane aji. Wadda ya yi wa mashaya, da waɗanda ya zuba zambo cikinsu, waɗannan a bar wa manya. Malamin da ke neman hanya yana da Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, wanda ya fito cikin 1993.

Sauran waƙoƙin fiyano na fim, su ne abin gardama. Laifinsu a fili ya ke. Da yawa karinsu aro ne daga fina-finan Indiya, zancensu bai wuce soyayya ba, na'ura kuma tana gyara murya har a kasa bambanta gwani da ɗan koyo. Duk da haka wanda ya ce a kore su gaba ɗaya ya yi gaggawa. Cikin mawaƙan zamani akwai masu kiyaye ƙafiya da ma'auni kamar marubutan dā, Aminu Ala na Kano yana cikinsu. In aka sa wa manyan ɗalibai waƙarsa ɗaya, aka biyo da ta Shata, aka ce su faɗi inda kowa ya fi, an koya musu awo, wanda ya fi hani amfani, tun da ya ke wayar tana gida tana jiransu.

Iyaye su ma suna da tasu magana, kuma ba ta wofi ba ce. A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, haɗe da roƙo, manomi ba ya so a ce ɗansa ya je boko ya komo maroƙi. Saboda haka kada a yi wa kowa kirari cikin aji, kada a liƙa wa yaro ko kwabo. Da kaka kuma, in an gama ɗaurin gero da dawa, hedimasta ya gayyaci mai gangar noma na garin, wanda iyayen su ka yi gayya da kiɗansa, ya zo da rana tsaka, dagaci da liman suna zaune.